Zare a Fiffiken Tattabaru

Auta: Halo? Salamu alaikum. Baba?

Baba: Wa alaikumus salam. Auta, kina jina?

Auta: Ina jinka, Baba. Ina wuni?

Baba: Lafiya lau. Ya gida?

Auta: Lafiya ƙalau. Ya shago, ya ɗinki?

Baba: Da godiya. Ina mai gidan naki, Dogo? Yana nan yana karo da saman ƙofa?

Auta: Kai, Baba. Yana nan, shigowarsa ke nan daga aiki. Yana gaishe ka.

Baba: Ina amsawa. Abokina fa? Ya daina kukan haƙorin?

Auta: Ina fa ya daina! Duk abin da ya samu sai ya kai baki. Jiya takalmin ubansa na ƙwace a hannunsa.

Baba: Allah ya raya shi.

Auta: Amin. Baba, kashe in kira ka, kar katinka ya ƙare.

Baba: Bar shi. Na sa kati.

Auta: Kai ka sa kati? Kai da tun da ka riƙe waya filashin kake yi min? Lafiya dai ko?

Baba: Lafiya lau. Laifi ne uba ya kira 'yarsa?

Auta: Ba laifi ba ne, mamaki ne.

Baba: To ki ajiye mamakin ki saurara. Tafiya ce ta kama ni. Zan je wajen yayanki.

Auta: Wajen wa? Sabis ɗin yana yankewa.

Baba: Yayanki! Yaya!

Auta: Oh, Yaya. Yaushe?

Baba: Yau. Motar yamma zan bi. Jakata ma tana bakin ƙofa.

Auta: Yau yau? Ikon Allah. Shekaranjiya fa muka yi waya da shi, bai ce min komai ba.

Baba: Bai sani ba. Ba-zata zan yi masa.

Auta: Kai da ko gidana ba ka kwana saboda tattabaru? Ranar sunan abokin naka ma kafin la'asar ka zame, ka ce lokacin tashinsu ya yi.

Baba: To ai maganarsu ce ta sa na kira ki. Ke za ki riƙe min su. Ba wanda ya san su kamar ke.

Auta: Wannan ai ba sai ka roƙa ba. Kwana nawa za ka yi?

Baba: Kwana biyu dai. Ki nutsu ki ji, kar ki katse ni. Mukulli yana wajen mai kantin nan na ƙasa, na gaya masa ke za ki karɓa, kar ya ba kowa. Hatsinsu yana cikin duro bayan keken ɗinki. In kin ɗiba ki mayar da murfin ki ɗora dutsen, akwai wani ɓera a shagon nan da ya fi ni sanin hanya.

Auta: To.

Baba: Gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Kar ki ga suna bin ki da ido ki ƙara, maƙaryata ne. Ruwa kullum sabo, ki wanke kaskon da hannu, ban da sabulu.

Auta: Baba, ni ce fa. Tun ban kai tsawon duron nan ba nake wanke kaskon.

Baba: Na ce kar ki katse ni. Tsanin hawa saman ɗaki, matakin tsakiya ya ruɓe, ki tsallake shi. Kar ki hau da goyo. Gwauro kuma, tsohon nan da shaho ya ɗauke masa mata, idonsa na hagu yana ruwa. Maganin yana kan taga, ɗigo ɗaya. Ki riƙe shi a hankali, ƙirjinsa ba nama. Shi ba ya kokawar abinci, sai ki zuba masa nasa a gefe.

Auta: Allah sarki Gwauro. Har yanzu bai yi sabuwar mata ba?

Baba: Ya ƙi. Na haɗa shi da Fara, ya juya mata baya. To, na tanadar miki kwalaye, na huhhuda su. Ki sa Dogo ya samo mota, ko da ta kaya ce, gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Auta: Mota ta me?

Baba: Ta kwashe su mana. Gidanku za ki kai su. Wannan lungun na bayan kicin ɗinku ya isa, Dogo ya buga musu katako da waya.

Auta: Tsaya, Baba. Don tafiyar kwana biyu za a kwashe tattabaru a kai wani gida? Ai sai in riƙa zuwa safe da yamma. Nisan me ke tsakaninmu?

Baba: Wahala ce, ga goyo.

Auta: Wahalar ta fi ta buga akurki? Kuma in na kai su ai da na buɗe ƙofa gidanka za su dawo. Kai ka sha gaya min, tattabara ba ta san an ba da ita ba.

Baba: Ba za su dawo ba. Na yi musu dabara.

Auta: Wace dabara? Halo? Baba, ka yi nisa da wayar.

Baba: Ina nan. Na ce ba za su dawo ba.

Auta: Gurguwa fa? Ba ka ce min tana kwanci ba? Ƙwai biyu, har kana murna?

Baba: Tana yi.

Auta: To ya za a yi da ƙwan? In an ɗaga ta ai sun yi sanyi.

Baba: Ki zubar.

Auta: Me ka ce?

Baba: Ki zubar da su, Auta. Za ta yi wasu a can.

Auta: Baba, kai ne kuwa? Kai da ka hana ni hawa sama wata guda don na taɓa ƙwan tattabara da yatsa? Wai ma tsaya. Kana ina yanzu?

Baba: Ina sama, wajensu.

Auta: Yanzu la'asar ce. Yanzu ne suke tashi. In na kira ka a irin wannan lokacin ba ka ɗauka, in ka ɗauka ma ba na jin maganarka don ƙarar fukafukai. Yau ban ji komai ba. Ina suke?

Baba: Suna ciki.

Auta: Me ya sa?

Baba: Akwai shaho.

Auta: Baba.

Baba: Na'am.

Auta: Ɗaure su ka yi?

Baba: Wa ya ce miki?

Auta: Kar ka kewaye min. Ɗaure musu fiffike ka yi?

Baba: Da zare ne kawai. Zaren ɗinki, mai laushi. Ba ya yi musu ciwo. In sun yi ƙwai a gidanki sun saba, sai ki yanke.

Auta: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba: To mene ne na salati?

Auta: Sau biyu na taɓa ganin tattabaru a ɗaure a rayuwata. Na farko ranar da muka tashi daga tsohon gida. Ni na riƙe maka su kana naɗa zaren, ina kuka, ka ce min, Auta, ba mugunta ba ce, gidan can ba namu ba ne kuma, in mun bar su za su koma inda ba kowa. Ka tuna?

Baba: Na tuna.

Auta: Na biyu abokinka Mai Aski. Ranar da za a kwantar da shi asibiti ya kawo maka nasa a kwando, duk a ɗaure. Da ya fita ka zauna a kan matakala. Na tambaye ka, ka ce mutumin da zai dawo ba ya ɗaure tattabarunsa. Mai Aski bai dawo ba, Baba.

Baba: Ke dai ba kya mantuwa.

Auta: Ina za ka?

Baba: Na gaya miki, wajen yayanki.

Auta: Kar ka yi min haka. Don girman Allah kar ka yi min haka. Ina za ka?

Baba: To. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Garin yayanki zan je, wannan ba ƙarya na yi ba. Amma babban asibitin can ne. Aiki za su yi min jibi.

Auta: Aikin me?

Baba: Ƙari ne a hanji. Likitan nan ya gani a hoto, ya ce ya fi ƙarfinsu, sai can.

Auta: Tun yaushe?

Baba: An ɗan jima.

Auta: Tun yaushe, Baba?

Baba: Tun kafin ki haihu.

Auta: Wayyo Allah. Shi ya sa wandunanka suka yi maka yawa. Na yi maka magana ka ce tela ne ya ɓata ɗinkin, muka yi ta dariya, don kai ne telan. Ina dariya ashe kai… Shi ya sa in na kawo abinci kake cewa ka ƙoshi, sai in tarar da kwanon wajen mai kanti.

Baba: Ba ya zama ne a cikin. Ban so ya lalace ba.

Auta: Likitan me ya ce? Ka gaya min yadda ya faɗa, ba yadda ka gyara ba.

Baba: Ya ce ana yi a tashi. Ya ce kuma ga shekaru, ga zuciyata ba ta da ƙarfi sosai. Ya ce in kintsa gidana. Yaro ne mai kunya, yana faɗa yana kallon takalminsa.

Auta: Shi ne ka kintsa tattabaru.

Baba: Me nake da shi in ba su ba? Keken ɗinki na yayanki ne in yana so. Kayan mutane duk na gama na ba su, ko maɓalli ban bar wa kowa ba. Su ne kawai ba su san komai ba. Kin san mai gidan hayar nan, ya daɗe yana cewa suna ɓata masa rufi. In labari ya zo ba daɗi, kafin ku share hawaye ya kira masu saye, sai dai ki ji an fige su. Gwauro ma da ba nama ba za su bar shi ba. Na ce gara in kai su inda za a san sunansu.

Auta: Ni fa? Ni ba ka kintsa ni ba? Sai dai ina zuba hatsi Yaya ya kira ni ya ce Auta, ki yi haƙuri?

Baba: Auta…

Auta: A'a, bari in faɗa. Wallahi raina ya ɓaci, Baba. Ban taɓa jin haushinka irin na yau ba. Ka gaya min inda dutsen murfin duro yake, ka gaya min idon Gwauro, ka gaya min matakin tsani don kar in faɗi. Amma cikinka da za a yanka jibi, shi ne ba ka ga ya kamata in sani ba?

Baba: Kin gama?

Auta: Ban gama ba. Amma faɗi.

Baba: Ni na ga yadda kika koma a jinyar Ummanki. Yayanki yana nesa, ni ina shago ina neman na magani, ke kaɗai ce a bakin gadon. Kina budurwa kika koma kamar kara. A hannunki ta cika. Bayan nan kin fi shekara ko ƙofar asibiti aka bi da ke sai kin kau da kai. Ranar da muka dawo daga binne ta na ce wa raina, yarinyar nan ta biya nata, ba zan sake zaunar da ita a bakin gadon kowa ba. Ko nawa.

Auta: Wa ya ce maka biya na yi? Baba, duk abin da na samu a duniya ba abin da ya kai min wannan zaman. Na sha wuya, ban musa ba. Amma ni na ba ta ruwa na ƙarshe, ni na ji abin da ta ce. Yaya har yau in an yi zancenta tashi yake ya fita, don ba ya nan. Shi kake so in zama?

Baba: Ban yi tunanin haka ba.

Auta: Ba ka yi ba.

Baba: Tsoro nake ji, uwata. Ga gaskiya. Sunan mahaifiyata na sa miki, to yau bari in gaya miki abin da da ita zan gaya wa. Tsoro nake ji. In na gan ki a tasha da goyo kina kuka, ba zan iya shiga motar ba.

Auta: To ba zan yi kuka ba.

Baba: Yanzu me kike yi?

Auta: Mura ce.

Baba: Hm. Murar gado, Ummanki ma tana da irinta. Share hancin ki ji, saura abu ɗaya, kati yana tafiya. Fito. Dole ki koyi fiton da nake sauko da su. In sun saba da gidanki kika sake su, ba za su sauko wa gwangwani kaɗai ba, da fito na tashe su.

Auta: Fiton da na yi ta roƙonka ina yarinya, ka ce mace da fito sai ka ce ɗan tasha?

Baba: Na janye. Ki naɗe harshe, ki sa shi bayan haƙoran ƙasa. Biyu gajeru, ɗaya dogo mai saukowa. Ji nan. Fit, fit, fiiiuu.

Auta: Ba zan koya ba.

Baba: Ki ji dai. Fit, fit… Kai! Kai, ku tsaya! Subhanallahi.

Auta: Mene ne? Wace ƙara ce wannan? Baba, faɗuwa ka yi?

Baba: Ba ni ba ne, su ne. Sun ji fito sun zaci kiransu nake. Duk sun yo ƙofa, suna so su tashi suna faɗowa. Mai Zobe ta faɗa cikin kaskon ruwa. Tsaya in… zo nan, zo nan, yi haƙuri. Gwauro yana ta juyi a ƙasa da fiffike ɗaya. Kai, ni na yi wannan.

Auta: Ka kwance su.

Baba: Auta, in na kwance…

Auta: Ka kwance su, Baba. Ba gidana za su ba. A nan za su zauna, Gurguwa ta ƙyanƙyashe ƙwanta, ka dawo ka tarar da 'yan shila. Cuta ba mutuwa ba ce. In kana da sauran shan ruwa, ko likita goma suka kalli takalminsu sai ka sha. In kuma Allah ya yi nasa ikon, ni zan ɗaure su da hannuna, na san yadda ake yi. Amma ba yau ba. Ba kai za ka yanke wa kanka ba.

Baba: Wa zai ba su abinci?

Auta: Abban yaro. Safe kafin ya tafi aiki, yamma in ya dawo.

Baba: Dogo? Mutumin da ya ga tattabara ta sauka a kafaɗarsa ya yi ihu har mai kanti ya hawo da sanda?

Auta: Zai koya. Ga shi nan tsaye yana ji, yana gyaɗa kai. Ba sai ya sake su ba, ya ba su hatsi da ruwa, ya tsare ƙofa. Mai gidan haya kuma ya zo ya same shi.

Baba: Ki ce masa matakin tsakiya. Da wannan tsawon nasa in ya faɗo sai an kira masu gyaran titi.

Auta: Ya ji. Almakashi yana jikinka?

Baba: Tela ne fa ni. Ƙaramin yana aljihu.

Auta: To bismillah. Ina kan layi.

Baba: Ga shi na ciro.

Auta: A hankali. Ka soma da Gwauro.

Baba: Zo nan, tsoho. Tsaya mana, ni ne. Na naɗa shi da yawa… yauwa. Ya fita. Yana miƙe fiffiken, yana kallona da idon nan mai ruwa kamar na ci masa bashi.

Auta: Sake shi.

Baba: A cikin akurki dai.

Auta: A'a, buɗe ƙofar. Tun yaushe suke rufe?

Baba: Tun shekaranjiya.

Auta: Haba Baba. Buɗe musu su sha iska, ko sau ɗaya, kafin ka tafi. Ka gan su a sama.

Baba: To. Bismillah. Tafi… Ya tashi! Auta, kin ji? Ya tashi. Na yanke wa Mai Zobe nata, jiƙe take amma ta bi shi. Tsaya, Fara tana cizona. Yauwa, tafi. Kina jin fukafukan?

Auta: Ina ji, Baba. Yanzu na san da kai nake waya.

Baba: Sun haɗu, sun yi sama. Kai, dubi yadda suke juyawa. Sun wuce tankin ruwa, sun wuce dogon benen can. Ban taɓa ganin sun yi nisa haka… Auta.

Auta: Na'am.

Baba: Tattabarar da ta kwana biyu a rufe ba ta sauka da wuri.

Auta: Haka ne.

Baba: Waɗannan sai magariba. Kuma ba mai sauko da su sai ni. Motar yamma ta tafi ke nan.

Auta: Na sani. Kai ka koya min.

Baba: Ja'ira! Ja'irar yarinya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Auta: Aikin jibi ne, motar safe ta ishe mu. Ni da kai da abokinka, a baya yake tafiya, ba ya biyan kujera. Yanzu zan kira Yaya ya tare mu. Ka zauna nan inda kake, ka sa ido a kan tsuntsayenka, kafin su sauko na iso. Me kake iya ci?

Baba: Auta, asibitin nan fa, kin san…

Auta: Na san ƙofarsa. Me kake iya ci?

Baba: Abu mai ruwa-ruwa. Kaɗan. Ga wayar nan tana ƙara, matar nan tana cewa katina ya kusa…

Auta: Bar ta ta yi ta faɗa. Jakar nan ni zan mayar da ita ciki. Kar ka sauko tsanin nan sai na zo. Ka ce to.

Baba: In Allah ya…

Auta: Baba, ka ce to.

Baba: To, uwata. Ki taho min da abokina, ina so ya ga yadda suke sau…

Auta: Halo? Baba? Halo?… Abban yaro, miƙo min zanen goyo. Tashi mu tafi.